A Kira Kura da Sunanta: Gyara Kan Labaran Dabbobin da Yaranmu Ke Rubutowa



A 'yan watannin nan shafin labarai na wannan mujalla ya cika da labaran dabbobi, kuma kusan duk yaranmu ne na unguwa ke rubuto su, wasu suna sakandare, wasu sun gama suna jiran gurbin karatu. Abin a yi hamdala ne. Yaron da ya zauna ya ƙago labari ya rubuta shi da Hausa, a wannan zamani da waya ta ɗauke hankalin tsararrakinsa, ya cancanci a sa masa albarka. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai wata ɗabi'a da na ga ta bi labarai uku da suka fito a jere, kuma ina gudun kada ta zama jiki.

Ga ɗabi'ar. Marubuci zai ambaci dabba da sunanta sau ɗaya a farkon labari, daga nan sai ya ajiye sunan kamar wanda aka hana shi taɓawa, ya riƙa kiranta da sifarta. Kaza ta koma "farar", kura ta koma "mai kwaɗayin", kyanwa ta koma "mai gashin". Kafin ka kai tsakiyar shafi ka rasa wa ke magana, wa ake yi wa. Ba zan kama sunan kowa ba, masu labaran sun san kansu, kuma duk 'ya'yana ne.

Labari na farko na wasu kaji biyu ne, ɗaya fara ɗaya baƙa, da suka kama wata fara a bakin gona tana roƙon su bar ta da ranta. Yarinyar da ta rubuta shi tana da kunnen jin magana, don yadda ta tsara gardamar kajin nan sai ka rantse kishiyoyi ne a tsakar gida. Amma a daidai inda labarin ya ɗauki zafi sai ta rubuta: "Farar ta dubi baƙar ta ce, ki ji tsoron Allah, ai rai ba abin wasa ba ne." To wace farar? In farar da aka kama ce, wannan roƙo ne na mai neman tsira. In kuwa farar kaza ce, to labarin ya zama na 'yar uwar da ta tsawata wa 'yar uwarta, kuma darasinsa ya sauya gaba ɗaya. A baki ba a ruɗewa, domin mai launi a gajarce ake faɗinta da murya sama, sunan ƙwaron kuwa ana jan wasalin farko da murya ƙasa. Rubutun boko da muke yi yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, saboda haka a takarda kalmomin biyu tagwaye ne. Irin wannan tarko na nan a "baƙin" ma. Wanda ya rubuta "baƙin ya ji daɗin zuwan baƙin" yana nufin baƙin rago da waɗanda suka zo ziyara, ya ɗora wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi.

Labari na biyu na zaki da kura da dila ne wajen rabon nama. Marubucinsa ya yi dabara mai kyau, don a ƙarshe zakin da ake ganin ya fi ƙarfin kwaɗayi shi ne ya lamushe naman duka. Sai dai tun daga tsakiya ya rubuta: "Mai kwaɗayin ya matso kusa da naman, mai wayon ya ja da baya, mai ƙarfin kuwa ya yi shiru." Da farko dai kura a Hausa "ta" ake ce mata. Kura ta zo, kura ta ci. Namijinta kure, shi ake ce wa "ya". Da marubuci ya saki sunan sai jinsin ya kuɓuce masa, kurar da ta shigo labari tana mace ta wayi gari namiji ba tare da kowa ya sani ba. Na biyu kuma, wanda ya fi ba ni takaici, ya ɓata dabararsa da hannunsa. Tunda labarin zai nuna cewa zaki ne babban makwaɗaici, me ya sa aka manna wa kura wannan lamba sau goma kafin a kai wurin? Mai karatu da ya isa ƙarshe sai ya koma yana tambaya, shin "mai kwaɗayin" da ake ta faɗa tun ɗazu zakin ake nufi? Ko a gaban alƙali sai an ji shaida ake yanke hukunci. Ka bar kura ta matso kusa da naman tana haɗiyar yawu, mu da kanmu za mu ce kwaɗayi.

Labari na uku na kare da kyanwa ne a wani gida. A nan ne na ga abin da ban taɓa ji a bakin Bahaushe ba. An kira kyanwa "'yar dangin damisar", an kira kare "mai ƙafa huɗun", alhali duk wanda ke cikin labarin ƙafa huɗu gare shi, har ɓeran da ake bi. Can kuma sai ga "ƙaton ya shigo zaure cikin dare". Wallahi na ɗauka ɓarawo ne. Ashe karen ne. Haka kunnen Bahaushe yake: in ka ce tsohon, ko dogon, ko ƙaton, ko gajeren, ba ka faɗi na mene ne ba, mutum zai kawo a ransa.

A ganina abu biyu ne suka haifar da wannan. Na ɗaya, a makaranta ana gargaɗin yara kada su maimaita kalma ɗaya a insha'i, sai suka ɗauka suna ma yana cikin abin da ake gudun maimaitawa. Na biyu, Turanci yana da wasu sifofi na dangin dabbobi da ya aro daga Latin, na dangin kyanwa daban, na dangin kare daban, na dangin shanu daban, kuma wasu masu rubuta labari a can suna ɗora su a gurbin suna. Yaranmu sun karanta, sun juyo abin zuwa Hausa ɗanye. Rigar aro ce, kuma ba ta zauna a jikin harshenmu ba.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ajurrumiyya, ɗan littafin nahawun nan na Ibnu Ajurrum mutumin Fas, ya san babin na'atu, wato sifa. Abin da ake fara koya mana shi ne na'atu mabiyi ne, yana bin man'utu, abin da ake siffantawa. In aka yi gaba zuwa Alfiyyar Ibnu Malik za a tarar an yarda a share man'utu a bar sifa ita kaɗai, amma da sharaɗin an fahimci abin da aka share. Hausa ma haka take. Wannan "n" ko "r" da muke liƙawa a ƙarshen kalma, kamar a "baƙin" da "farar", alama ce ta cewa mun riga mun ambaci abin, ni da kai mun san shi. Alkawari ne marubuci ya yi wa mai karatu. In mai karatu bai san abin ba, an saɓa alkawari. Ku duba ƙissar saniyar Banu Isra'ila a Suratul Baƙara, daga aya ta 67 zuwa ta 71. Sunan dabbar aka fara faɗa, sa'annan sifofi suka biyo baya, na shekarunta da launinta da aikinta, kowace sifa tana ƙara taƙaita wadda ake nufi. Aikin sifa ke nan, ta ware ɗaya daga cikin masu suna ɗaya.

Mu 'yan kasuwa kullum a cikin wannan muke. Mai saye zai tsaya gaban rumfa ya ce, "Alhaji, miƙo min jan nan," ba ka tambayarsa jan me, domin kayan na gabanku, ga yatsansa yana nunawa. Amma a ce daga gida aka aiko yaro Tudun Hatsi da takarda an rubuta "a auno tiya biyu na farar", ai sai an mayar da shi ya tambayo. Farar dawa ko farar masara ko farar shinkafa? Mai karanta labari kamar wannan mai awo yake, takarda kawai ke hannunsa. Ba ya ganin abin da ke cikin kanka, kuma ba ka kusa balle ya tambaye ka.

Na san wani zai ce, "Malam, ai Hausa cike take da sifar da ta zama suna." Gaskiya ne, kuma ban musa ba. Kalmar maciji kanta asalinta mai cizo ke nan. Da dare tsofaffi ba sa son kiran sunansa, sai su ce igiyar ƙasa. In ka je kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe za ka ji masu dawaki suna cewa akawal, ba sa cewa baƙin doki, suna cewa kili da bidi da danda da gunya da hurde, kowanne da launinsa. Masu jakuna suna da auraki da duni da idabari. Maƙwabtanmu Fulani suna kiran fararen shanu Daneeji, jajaye kuma Boɗeeji, kuma duk makiyayi ya san shanu ake nufi. Larabawa sun tara wa zaki sunaye ɗaruruwa, har Ibnu Khalawaihi ya yi littafi a kansu, kuma da yawansu asalinsu sifa ne. Akwai sura sukutum mai suna Adiyat, wato masu gudu, mafi yawan malaman tafsiri suka ce dawaki ake nufi. Ga kuma kirari: zaki manyan dawa, dila malamin daji, damo sarkin haƙuri, damisa ƙi-sabo.

To me ya raba waɗannan da "mai gashin"? Jama'a ce ta naɗa su. Sun daɗe a bakin mutane har suka kama dabba ɗaya suka riƙe. In ka ce akawal ba wanda zai kawo akuya a ransa, ko da baƙa ce wuluk. In ka ce manyan dawa ba mai tunanin ɓauna, ko da ta fi zaki nauyi. Amma "mai gashin" kyanwa ce ko tunkiya ko biri? Wannan laƙabi marubuci ne ya ƙirƙire shi jiya da dare shi kaɗai a ɗakinsa, ya tashi da safe yana so gari ya amsa. Sarauta ba a naɗa kai. Kuma ko kirarin gaske ba a zuba shi a kowane layi. Yana da wurinsa. Lokacin da dila ya durƙusa gaban zaki yana neman ya kuɓuta, a nan "manyan dawa" ke da daɗi, domin fadanci yake yi, kuma kalmar ta nuna mana halinsa. In mai ba da labari ne da kansa ke ta cewa manyan dawa ya tashi, manyan dawa ya zauna, to ya zama maroƙi.

Mu duba yadda na gaba suka yi. Iyayenmu mata da suka yi mana tatsuniya a tsakar gida suna iya kiran Gizo sau hamsin a dare ɗaya. Gizo ya ce, Ƙoƙi ta ce, Gizo ya tafi, Gizo ya dawo. Akwai yaron da ya taɓa cewa ya gaji da jin sunan? Ai sunan ne igiyar da yaro ke riƙe da ita har a kai ƙurunƙus. Waɗannan tatsuniyoyi suna nan a rubuce ga mai son dubawa. Frank Edgar ya tara su a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, sa'annan Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, wanda da yawanmu muka karanta ko muka ji ana karantawa.

Sai Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa. Magana Jari Ce littafi uku ne, ya rubuta shi a Zariya, aka fara buga shi a 1937, kuma tsuntsu ne ke riƙe da akalar labaran. Aku ne sunansa, da ya yi abin kirki aka naɗa shi waziri. Amma ku lura da abin da Imam ya yi da aku ya zama fiye da ɗaya. Wanda suka yi gasar ba da labari da shi a littafi na biyu sunansa Haziƙ, ɗan da yake koyarwa a littafi na uku kuma Fasih. Duka biyun sifofi ne a Larabci, ɗaya gwani, ɗaya mai fasahar magana. Imam ya ɗauko sifa ya raɗa ta a matsayin suna, ya sanar da mai karatu, sa'annan ya tsaya a kanta. Haka yake a Kalila wa Dimna, littafin da Ibnul Muƙaffa'i ya mayar Larabci daga Farisanci wajen shekarar 750, asalinsa kuwa daga Indiya. Zaki ɗaya ne a fadar, saboda haka zaki kawai ake ce masa. Diloli biyu ne, sai aka ba kowanne suna, har sunayen suka zama sunan littafin. Da 'yata mai labarin kaji ta bi wannan hanya, ta raɗa wa kajinta suna tun a layin farko, da farar da aka kama ta zauna da sunanta ba mai ja da ita.

Wanda kuma yake ganin lallai sai ya sauya kalma, to rumbun Hausa a cike yake, bai buɗe ba ne. Maimakon "namijin" da "macen" da "ƙaramin", ga sa da saniya da bijimi da karsana da maraƙi. Ga ingarma da goɗiya da dukushi. Ga bunsuru da taure, ga amale da taguwa, ga muzuru, ga toron giwa, ga zakanya, ga kwikwiyo da tsako. In rago ne a labarinka, faɗa mana uda ne ko balami ko ɗan ƙasa, kamar yadda ake rarrabe su a kara gab da Babbar Sallah. Kalma ɗaya daga cikin waɗannan ta ɗauke maka suna da sifa a lokaci guda. Wanda bai san su ba ya tambayi dattawan unguwa, ko ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006.

Kada wani ya ga kamar ƙaramin abu na tsaya a kai. Iyayenmu da kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Zariya da Haɗeja suka zo ƙasar Gombe neman halali, sun zo da waɗannan sunaye a bakinsu, domin sun yi noma, sun yi kiwo, wasunsu sun yi farauta. 'Ya'yanmu kuwa a cikin gari suka tashi. Akwai yaro a unguwar nan da bai taɓa ganin kurege ba, bai san bambancin bushiya da beguwa ba, bai san shaho da shirwa tsuntsaye biyu ba ne. Dorina na nan a ruwan Dadin Kowa, giwa na nan a Yankari, amma yara nawa aka taɓa kaiwa su gani? Labari ne ya rage musu. In labarin ma ya ce "halittar" da "mai fukafukin", to a ina za su ji sunan zalɓe da balbela da gauraka? Ga shi kuma a Gombe Hausa ba tamu kaɗai ba ce. Bafulatani da Batere da Batangale da Babole duk da ita suke ciniki, 'ya'yansu kuma suna karanta abin da 'ya'yanmu suka rubuta. Abin da muka zubar, a wurinsu ma ya zube.

Saboda haka, 'ya'yana masu rubutu, ga abin da nake ba ku shawara. Ku kira dabba da sunanta, ku sake kira, ba laifi ba ne. Inda babu ruɗani, "ya" da "ta" sun wadatar. In dabbobi biyu iri ɗaya ne, ku raɗa musu suna. In za ku kawo sifa, ku kawo ta tare da mai ita, kuma a wurin da take da aiki: a ce "tsohuwar kura" a lokacin da tsufan ne ya hana ta gudu. Kirari ku bar shi a bakin dabbobin da ke fadanci ko zambo. In kun gama, kada ku karanta wa kanku, domin ku kun san abin da kuke nufi. Ku miƙa wa ƙanenku ɗan aji huɗu ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya tsaya ya ce "wa ke nan?", to nan ne wurin gyara.

Masu tace mujalla ma ina roƙonsu su riƙa mayar wa yaro da labarinsa da ɗan jan biro kafin a buga, cikin lallashi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Labaran nan uku duk suna da ƙashi mai kyau, kuma zan so in ga an sake fito da su bayan gyara, musamman na rabon naman nan. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ƙara musu basira, ya sa abin da suke rubutawa ya amfane su ya amfani na bayansu.